Tera Biyun Doamna Zenovia

Na shekara goma sha ɗaya ina kula da kwamfutocin wata ƙaramar cibiyar binciken ruwa a Tulcea, wani gari a bakin kogin Danube, kafin abin da zan faɗa ya faru, kuma a tsawon shekarun nan ban tuna ranar da wani ya shigo ofishina da buƙata na ce masa babu ba. Da haka aka san ni. In firinta ta cije, a kira Horia. In wayar matar wani ta faɗa cikin miya, a kawo wa Horia. Matata Otilia takan ce ko kare ne ya roƙe ni takalmina, cirewa zan yi in ba shi, in kuma tambaye shi ko ya yi masa daidai.

Saba ɗaya gare mu, wata doguwar baƙar kwamfuta da ke ruri a ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin matakala. A cikinta nake yanka wa kowane sashe tasa kwamfutar. Ba abin da za ka taɓa da hannu ba ne, kaso ne kawai daga jikin babbar, amma mai ita in ya zauna a teburinsa ya buɗe, sai ya ga kamar tasa ce shi kaɗai, da faifanta da komai. Inji muke ce wa kowace ɗaya. A lokacin akwai inji goma sha huɗu a ciki, dukkansu suna cin fili daga ma'aji ɗaya mai tera goma, tera kuwa awon filin ajiya ne a kwamfuta.

Akwai wata dabara da duk mai irin aikina ya sani. Kana iya rubuta wa inji cewa faifansa tera huɗu ne ba tare da ka ware masa komai ba. Abin da aka zuba a cikinsa ne kaɗai yake ragewa daga babban ma'ajin. Ba laifi ba ne, tunda da wuya mutum ya cika abin da ya roƙa, muddin dai idonka yana kan ma'ajin. Ni kuwa sai na mayar da dabarar hanyar gudun ɓacin ran mutane. Wanda ya ce biyu in ba shi biyu, wanda ya ce huɗu in ba shi huɗu, ya fita yana sa mini albarka. Kafin ƙarshen 2015 na raba tera ashirin da uku, alhali goma gare ni.

Doamna Zenovia Parvu, wato Uwargida Zenovia, ta fi kowa daɗewa a cibiyar, ta kama aiki tun ina rarrafe. Gajeriya ce, kanta fari fat, kullum cikin rigar sanyi ruwan toka da tabarau rataye a wuya. Ita kaɗai ce a wurin take kirana Horica, kamar yadda mahaifiyata take yi, ni kuma ban taɓa ce mata "ke" ba, sai "ku" don girmamawa.

Wata safiya a watan Nuwamban 2014 ta leƙo ofishina.

"Horica, da sauran fili a akwatin nan naka mai gurnani?"

"Nawa kuke so, Doamna Zenovia?"

"Ni na san awonku? Littafi ɗari shida da goma sha biyu ne. Taso ka gani da idonka."

Na bi ta muka sauka ɗakin ƙasa. Tun daga matakala warin danshi ya tare mu. Ruwa ya daɗe yana tsattsafowa ta bango, littattafan suna jere a kan katako, na ƙasa-ƙasa sun kumbura sun yi baƙi. Littattafan masu auna kogi ne. Tun daga 1948, a kowane ƙauye na bakin Danube da rassansa, akwai sandar awo kafe a gaɓa, akwai kuma mutum ɗaya, masunci ko malamin makaranta ko wani dai, da yake zuwa safe da yamma ya duba inda ruwa ya kai ya rubuta.

"Lambobin an kwashe su tuntuni an yi jadawali," in ji ta. "Amma duba gefen shafin."

Na duba. Wani ya rubuta da fensir cewa ƙanƙara ta fashe yau da ƙara kamar bindiga. Wani ya ce ruwa ya shiga maƙabarta. A wani littafin na ga an rubuta: ban auna da yamma ba, an haifa mini ɗa.

Ta zaro wani daga sama ta buɗe tsakiyarsa.

"Wannan na ƙauyen Chilia ne, 1961. Sunan mai awo Trofim. Kalli yadda yake rubuta lamba bakwai. To yanzu kalli nan, watan Afrilu."

Bakwai ɗin ta canza, ta yi 'yar ƙugiya a sama.

"Trofim ya nutse a Maris," ta ce. "Matarsa Agafia ce ta ci gaba da zuwa bakin ruwa tana rubutawa da sunansa, har shekara tara, ba wanda ya gane a ofishin nan. Ko don ɗan alawus ɗin ne, ko don ta saba raka shi, ban sani ba. Sai da na je Chilia da ƙafata jikarta ta tabbatar mini. Agafia ta ma fi shi kiyaye lokaci."

So take ta ɗauki hoton kowane shafi kafin danshi ya ƙarasa su. Na ƙiyasta, shafi wajen dubu sittin ne, zai ci kusan tera biyu. Kafin azahar na yanka mata injinta, na haɗa shi da na'urar ɗaukar hoton takardu. Ita ce ta farko da ta roƙi fili ta kuma cika shi. Wata goma sha huɗu ta yi a kan aikin, da ƙyalle a hanci da safar hannu, tana ɓare shafukan da suka manne da wuƙar man shanu. Kowane hoto sai ta sa masa suna da hannunta: ƙauye, shekara, wata.

Muna da wani akwati dabam da yake kwafe injinan kowace rana, don in wani abu ya sami sabar a dawo da su daga can. A watan Oktoban 2015 akwatin ya cika. Na buɗe jerin injinan na duba, na Doamna Zenovia ne ya fi kowane girma. Na ce a raina, ai littattafan suna nan a ɗakin ƙasa, su ma kwafi ne. Na cire injinta daga jerin, na goge tsohon kwafinsa don sauran su sami wuri. Na ce na mako ɗaya ne, kafin a sayo ƙarin faifai.

Na rubuta takardar neman faifan na kai wa darakta, Domnul Vasilache, wato Malam Vasilache. Ya karanta a tsaye, yana sa kwat.

"Wani abu ya lalace ne?"

"Bai lalace ba tukuna, Domnul darakta."

"To mu bari bayan sabuwar shekara."

Na ce to. Da na tsaya na ce masa akwai aikin mutum na shekara guda da ba shi da kwafi, na san zai zauna ya saurare ni. Amma na ga yana sauri, ban so in tsare shi.

A watan Janairu jami'an lafiya suka zo suka ce a kwashe komai daga ɗakin ƙasa kafin ƙarshen wata, saboda naman gwarin da ya cinye bango. Gidan adana takardun tarihi ya ce jadawalin lambobi kaɗai zai karɓa, ba ya karɓar takarda mai ciwo. Aka yanke cewa tunda an gama ɗaukar hoto, littattafan za su tafi wurin masu narka takarda. Takardar izinin tana buƙatar hannu uku: na darakta, na Doamna Zenovia, da nawa, ni da zan shaida cewa hotunan suna ajiye a wuri biyu.

A ofishin darakta aka miƙo mini biro. Doamna Zenovia tana tsaye a gefena, ta riga ta sa hannu, idonta ya yi ja don ƙurar ɗakin ƙasa.

"Kwafi biyu ne, ko, Horica?"

"Biyu ne," na ce, na sa hannu.

Niyyata in gyara a makon. Shagon da ke kwanar layinmu yana sayar da faifan tafi-da-gidanka, da ƙafa minti biyar ne. Ba zan ce mantawa na yi ba, da mantawar ce da ta fi mini sauƙi. Kullum ina tunawa, kullum wani ya shigo da tasa matsalar, in ce gobe. Akwai kuma wata 'yar kunya a ciki: in aka gan ni ina kwafe injinta a wani faifai, za a tambaye ni dalili.

Nea Ifrim, wato Baba Ifrim, dattijon da ke tuƙa mana mota da jirgin ruwa, shi ya loda littattafan a bayan a-kori-kura. Ina kallonsu ta taga. Doamna Zenovia ta ɗauki ɗaya ta rungume, ta tsaya jim, sai ta mayar da shi cikin tulin.

"Ki riƙe mana, Zenovia, wa zai ƙirga?" in ji Nea Ifrim.

"In na ɗauki ɗaya na ci amanar sauran," ta ce. "Kuma ai duk suna cikin akwatin Horica. Tafi kawai."

Wata Talata a watan Maris, da misalin sha ɗaya saura na safe, 'yan sashen taswira suka fara zuba hotunan da suka ɗauko daga sama a cikin injinsu. Su ma na yi musu alƙawarin tera huɗu. Sabar ta daɗe tana aiko mini da gargaɗi cewa ma'aji ya kusa cika, amma na riga na karkatar da saƙonnin zuwa wata jaka da ba na buɗewa, don sun dame ni. Ma'ajin ya cika maƙil. Inji goma sha huɗu suka sandare a lokaci ɗaya.

Wayar ofishina ta hau ƙara. Kafin in isa ɗakin sabar, Domnul Vasilache ya riga ni tsayawa a bakin ƙofa.

"Ina da taro da mutanen Bucharest ƙarfe goma sha ɗaya da rabi. Minti nawa?"

"Goma, Domnul darakta."

Duk wanda ya koyi aikin nan, abu na farko da ake faɗa masa shi ne, in ma'aji ya rikice kada ka taɓa shi sai ka kwafe shi yadda yake. Kwafewar za ta ci kwana guda, kuma ba ni ma da inda zan kwafe. Mutumin yana tsaye a bayana yana duba agogo. Na kashe sabar na kunna, na saki manhajar gyara a kan ma'ajin kai tsaye. Ta yi minti ashirin tana aiki. Da ta gama, taswirar da ke nuna wane yanki na faifai ne na wane inji ta tarwatse.

Inji goma sha uku na dawo da su daga akwatin kwafi kafin yammacin Alhamis. Ba wanda ya rasa fiye da aikin rabin yini. Mutane suna wucewa ta ofishina suna dafa mini kafaɗa. Ranar Juma'a da safe Doamna Zenovia ta shigo.

"Nawa ne bai tashi ba tukuna. Na ce bari in bar ka ka gama da masu gaggawa."

Na ce ta zauna. Na ce mata faifai biyu ne suka mutu a tare, kuma da na je ɗauko kwafin injinta na tarar shi ma ya lalace. Ban shirya ƙaryar ba, fitowa kawai ta yi, sumul, kamar na daɗe ina bitarta. Irin wannan yana faruwa, shi ya sa ba wanda ya yi shakka.

Ta sa tabaranta, ta cire. Ta tambaye ni ko masu narka takardar sun riga sun narka. Na ce Nea Ifrim ya kira su jiya, tun Fabrairu aka gama. Ta gyaɗa kai, ta dubi fuskata.

"Kai ma ba ka ci abinci ba kwana uku, ga shi nan a idonka," ta ce. "Ƙarfe ne, Horica. Ƙarfe yana mutuwa."

Ranar Litinin ta kawo mini faranti na plachinta, wata wainar fulawa mai cuku, da zafinta, lulluɓe da tawul. Ta ce da sassafe ta tashi ta murza ƙullun, tunda ba ta da abin yi da hannunta yanzu. Na ci yanka ɗaya a gabanta don dole. Sauran na ba Nea Ifrim.

Na sayo faifai uku daga shagon kwanar, na kwafe ma'ajin da ya lalace, abin da ya kamata in yi tun farko. Asabar da Lahadi nakan zo ofis in saki wata manhaja da ke bin faifai tana tsintar duk abin da ya yi kama da hoto. Mako shida na yi. Na tsinto shafi dubu goma sha huɗu da ɗari biyu daga cikin dubu sittin. Wasu rabinsu toka-toka ne. Kuma duk sunayen da ta sa musu sun tafi, sai lambobi kawai. Masu awo a bangon littafi suke rubuta sunan ƙauye da shekara, ba a kowane shafi ba, don haka abin da ke hannuna tulin shafuka ne da ba a san na ina ba ne, ba a san na yaushe ba.

Da na nuna mata, sai ta jawo kujera ta zauna, ta ce in buɗe na farko. Ta kalla.

"Ƙauyen Mahmudia. Malamin makarantar nan ne, shi ke ja wa sifili layi. Tsakanin shekara ta hamsin da biyar da ta sittin." Ta juyo tana murmushi, karo na farko tun Maris. "Ka ga? Allah ya yi maka albarka, Horica. Wani da tuni ya haƙura."

A ranar na faɗa wa Otilia gaskiya muna cin abincin yamma. Ta ajiye cokali.

"Kuma ka ci plachintarta?"

"Yanka ɗaya."

"Horia, ni na aure ka na san halinka, na saba tambayarka abu sau biyu. Ita ba ta sani ba. Gobe ka faɗa mata."

Ban faɗa washegari ba. Sai da aka yi hutun bikin Ista aka dawo, a cikin watan Mayu. Na same ta a ofishinta da hantsi, tana rarraba shafuka, ta buɗe taga, ana jin ƙahon jirgin da ke tafiya Sulina. Na rufe ƙofa na tsaya, ban zauna ba. Na faɗa mata komai daga farko: tera ashirin da ukun, ranar da na cire injinta daga jerin, gargaɗin da na toshe, gyaran da na yi da gaggawa. Na ce babu faifan da ya mutu, suna nan ƙalau a ƙarƙashin matakala.

Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Ranar da muka sa hannu, ka san babu kwafin?"

"Na sani."

"Na tambaye ka."

"Kun tambaye ni."

"Me ya hana ka ce mini babu?"

Na ce na ga ta gaji, na ga darakta yana jira, ban so in ɓata wa kowa rai. Da na ji maganar a bakina, sai na ji ƙanƙantarta.

Ta juya ta kalli taga.

"Ina da gareji," ta ce. "Tun da mijina ya rasu na sayar da motar, ba komai a ciki sai tsani da kwalaben tumatir. Da can muka kai littattafan, sawu biyu Ifrim zai yi. Kalma ɗaya kawai nake buƙata daga bakinka."

Na ce ta yafe mini. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba.

"Darakta ya sani?"

"A'a."

"To ba ni zan kai masa ba. Ku je da ƙafarku, Domnul Stanciu."

Sunan gidanmu ke nan. Tun daga ranar da shi take kirana, kuma "ku" take ce mini.

Na wuce ofishin Domnul Vasilache kai tsaye, don na san in na koma teburina ba zan tashi ba. Na ɗauka korata za a yi, har na ji wani sauƙi-sauƙi a raina. Ya saurare ni yana juya biro. Ya buɗe aljihun tebur ya zaro takardar neman faifan da na kawo masa a Oktoba, ya kalle ta, ya mayar.

"Rahoto ya riga ya tafi Bucharest cewa faifai ne ya mutu," ya ce. "Hannuna yana kan takardar izinin nan kamar yadda naka yake. Kana so mu tafi tare ne?"

"Ni dai gaskiyar na zo in faɗa."

"Ka faɗa, na ji. Rubuto sabuwar takarda, faifai nawa kake so, yau zan sa hannu. Kuma ka rufe mini ƙofar in za ka fita."

Iyakar hukuncin da aka yi mini ke nan. Faifan suka iso cikin kwana goma.

Doamna Zenovia ta ci gaba da rarraba shafukan. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ba ta kuma faɗa wa kowa ba. Har yau Nea Ifrim yana tsine wa kamfanin da ya ƙera faifan. Muna gaisawa a matakala. In tana buƙatar wani abu sai ta rubuto a takarda ta ajiye a teburina. Ta sa na yi mata kwafi uku na shafukan da aka tsinto, ta tsaya a kaina na buɗe kowane ɗaya a gabanta, ta zaɓi lambobi da ka, ta ce in nuna mata. Ɗaya ta kai gida, ɗaya ta aika wa ƙanwarta a Braila.

Sau ɗaya kawai ta yi mini magana a kan abin da ke cikin shafukan. A watan Satumba ne, na je gyara mata allon kwamfuta, na ga shafi a buɗe mai bakwai da ƙugiya.

"Na Agafia ne?" na ce.

"Nata ne."

"Nawa aka samu?"

"Talatin da ɗaya, zuwa yanzu. Cikin shekara tara." Ta matsar da kujerarta don in kai ga wayar allon. "Na Trofim ko ɗaya ban gani ba. Don haka ba yadda za a yi in nuna wa wani inda hannun ya canza. Sai dai a yarda da bakina."

Ta yi ritaya a ƙarshen shekarar. An yi mata ɗan biki a ɗakin taro, Nea Ifrim ya dafa miyar kifi a babbar tukunya, darakta ya yi jawabi ya ambaci shekarunta arba'in a bakin aiki. Da ta zo tafiya ta bi kowa ta sumbace shi a kumatu. Ni ta miƙo mini hannu. Ta ce har yanzu akwai shafi sama da dubu takwas da ba ta kai gare su ba, za ta ci gaba daga Braila, wajen ƙanwarta, tana so in riƙa shigar da sunayen a kwafin cibiyar. Na ce to. Ta tsaya tana kallona.

"Wannan 'to' ɗin wane iri ne?"

"Na gaske ne, Doamna Zenovia."

"Za mu gani."

Saƙonninta suna zuwa duk ranar Litinin. Babu gaisuwa, babu sallama, jeri ne kawai: lambar hoto, ƙauye, shekara, wata. In ba ta da tabbas sai ta sa alamar tambaya. Ina shigar da su a ranar, in kwafe a wuri uku, in mayar mata da amsa cewa an yi. Sau biyu na ƙara da tambayar lafiyarta, ba ta amsa wannan ɓangaren ba, sai na daina.

A wurin aiki yanzu ba a cika sona kamar dā ba. 'Yan sashen taswira suna ce mini mai rowa, don in suka roƙi huɗu nakan buɗe musu ma'ajin su ga abin da ya rage, in ba su ɗaya. Duk farkon wata nakan zaɓi inji ɗaya in dawo da shi daga kwafi don in tabbatar yana tashi. Ba wani abin yabo ba ne, aikin ke nan tun asali, kowane littafin koyo ya faɗa.

Shekara uku saƙonnin suna zuwa. Daga baya suka koma sau ɗaya a wata, jerin yana gajarta, alamar tambaya tana yawa. A bara ƙanwarta ta rubuto mini cewa idon Doamna Zenovia ya yi rauni, likita ya hana ta kallon allo, kada in jira wani jerin. Na ƙirga abin da ya rage, shafi dubu biyu da ɗari shida da ba su da suna. Na gwada da kaina, na jera su kusa da waɗanda ta riga ta gane, na yi wata biyu ina kallon yadda mutane suke rubuta huɗu da tara. Guda goma sha bakwai na iya cewa na gane, su ma da alamar tambaya na shigar da su.